BABI NA UKU: HAƊIN KAN AL'UMMA DA TAKA WA MASU TSATTSAURAN RA'AYIN MAZAN JIYA BIRKI A SIYASAR ƘASAR TIGA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin yanayin ƙasar Tiga da sana'o'in mutanenta, inda aka nuna cewa abin da ake nufi da ƙasar Tiga a wannan aiki shi ne ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suke kudancin Jihar Kano. Wannan babi kuwa zai yi ƙoƙarin bayyana yadda talakawa suka yi amfani da haɗin kai wajen rage ƙarfin masu tsattsauran ra'ayin mazan jiya a siyasar gunduma da ta ƙaramar hukuma. Kasancewar siyasar wannan yanki ba ta taɓa rabuwa da ta birnin Kano ba, ya zama dole a riƙa leƙawa birni, wani lokacin ma har ƙetare, domin a fahimci abin da ya faru a karkara.

3.1 Su Wane ne Masu Tsattsauran Ra'ayin Mazan Jiya?

Raba 'yan siyasa zuwa na dama da na hagu ya samo asali ne daga majalisar ƙasar Faransa a shekarar 1789, lokacin juyin juya hali, yayin da magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma suka zauna a hagunsa. Bahaushe bai ari wannan rabo yadda yake ba. Shi abin da ya sani shi ne 'yan mazan jiya da kuma 'yan gaba-dai-gaba-dai. To amma a cikin 'yan mazan jiyan akwai masu sassauci, waɗanda burinsu kawai kada a yi gaggawar rushe abin da aka gada, akwai kuma waɗanda suka kai maƙura. Su na biyun ana gane su da cewa ba su yarda talaka yana da ta cewa a sha'anin mulki ba, suna raba mutanen gari ɗaya zuwa 'yan ƙasa da baƙi ko masu asali da marasa asali, sannan ba sa ƙyamar amfani da sanda da wuƙa idan hujja ta ƙare musu. Su ne wannan babi yake magana a kansu.

Misali daga Ingila zai taimaka. A watan Satumba na 1993 jam'iyyar BNP, mai ƙyamar baƙi, ta ci kujerar kansila ta farko a tarihinta a mazaɓar Millwall ta gabashin Landan, da ratar ƙuri'a bakwai kacal. Abin da ta hau kai shi ne ƙarancin gidajen hukuma, ta riƙa gaya wa Turawan unguwar cewa 'yan asalin Bangaladash ne suke cinye rabonsu. Bayan wata takwas aka sake zaɓe. Ƙuri'un ɗan takararta, Derek Beackon, sun ma ƙaru, amma ya faɗi, domin majami'u da ƙungiyoyin unguwa da na ma'aikata sun bi gida gida sun fito da mutanen da a da ba sa zuwa zaɓe. Haka kuma aka yi a ƙaramar hukumar Barking da Dagenham, inda jam'iyyar ta sami kujeru 12 a 2006, ta rasa su duka a 2010. Abin lura a nan shi ne, irin waɗannan mutane ba daga sama suke fara cin zaɓe ba, daga mazaɓa suke farawa, kuma kullum da wata damuwa ta gaskiya da suke fakewa da ita.

Ya kamata a yi hattara kada a ɗauki rigar Bature a sanya wa Bahaushe ba tare da an gwada ba. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, jam'iyyar 'yan mazan jiya ce, amma zalunci ne a ce duk wanda ya shige ta mai tsattsauran ra'ayi ne. Da yawa sun shige ta ne saboda tsoron kada 'yan Kudu, waɗanda suka riga Arewa samun ilmin boko, su mamaye ayyukan gwamnati, kuma tsoron nan yana da tushe. Masu tsattsauran ra'ayin wani ɓangare ne da ya laɓe a inuwarta da inuwar En'e.

3.2 Zamanin En'e

Kafin 1976 babu ƙaramar hukuma irin wadda aka sani a yanzu. Mulkin karkara yana hannun En'e ta Kano ne, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Hakimin Tudun Wada, alal misali, yana riƙe da sarautar Ɗankadai, shi ya sa har yau ake kiran garin da Tudun Wadar Ɗankadai. En'e ce take da 'yan doka, ita take da kotunan alƙalai, ita take da gidan yari, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake yanka haraji da jangali a karɓa. Wannan ya nuna cewa manomin Kiru ko na Bebeji da ya kuskura ya saɓa wa dagacinsa a siyasa, to ya saɓa wa mutumin da zai ƙiyasta masa haraji, wanda zai ba da shaida a kan iyakar gonarsa, wanda kuma zai iya miƙa shi gaban alƙali.

A cikin wannan hali aka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano kuma ya zama shugabanta a 1953. Zaɓen 1951 ya nuna mata irin dutsen da za ta hau. An yi zaɓen ne hawa hawa, ba kai tsaye ba, kuma duk da rawar da ta taka a hawan farko a birnin Kano, da aka zo hawan ƙarshe sai aka bai wa En'e damar cusa nata mutane cikin masu zaɓe. Sakamakon haka NEPU ba ta sami ko da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Kaduna ba.

Masana irin su Sklar (1963) da Whitaker (1970) sun yi bayani mai tsawo a kan hanyoyin da aka bi wajen danne 'yan adawa a wancan zamani. Ba a yin lacca sai da takardar izinin En'e, wadda sau da yawa ba ta samuwa. Ana kai mutum kotu bisa zargin zagin sarakuna, a yi masa bulala ko ɗauri. Ana yaɗa cewa ɗan NEPU marar kunya ne wanda ba ya ganin girman iyaye, har ma a taɓa addininsa. A 1953 kuma, shekarar da aka yi tarzomar Kano ta watan Mayu, aka ga ɓullar ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata, gungun ƙarti masu kai wa 'yan NEPU farmaki a gidajensu da wuraren tarurrukansu, kuma da wuya a ga an hukunta su. Sunan da kansa ya isa sharhi, tunda mahaukaci ba ya da laifi a gaban shari'a.

3.3 Makamin da Talaka Ya Riga Ya Mallaka

Jam'iyyar da ba ta da 'yan doka, ba ta da baitulmali, ba ta da alƙali, da me za ta tsaya? Amsar ita ce ta jingina da abin da talaka ya riga ya saba da shi tun kafin zuwan siyasar jam'iyyu. Bahaushen karkara ya san aikin gayya, inda samarin gari suke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya a yini guda, gobe su koma ta wani. Matarsa ta san adashi da gudummawar biki. Masu sana'a, kamar teloli da mahauta da maƙera da 'yan koli, kowanne rukuni ya san junansa, yana kuma da hanyar taimakon wanda ya shiga matsala a cikinsu. NEPU ba ta ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hikimarta ita ce ta gane cewa mutanen da suka iya tara kuɗin adashi za su iya tara kuɗin tarar da alƙali ya ci wani ɗan jam'iyya, waɗanda suka iya nome gonar surukin abokinsu kuma za su iya nome gonar wanda yake ɗaure domin kada iyalinsa su kwana da yunwa.

Wannan batu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙarfin mai danniya ba a bulalar yake ba, a kaɗaicin wanda ake duka yake. Idan aka ɗaure magidanci ana tsakiyar damina, gonarsa ta mutu, 'ya'yansa suka shiga bara, to an yi wa duk garin wa'azi ba tare da an ce uffan ba. Idan kuwa ya fito ya tarar an nome masa gona, an biya masa haraji, har an tarye shi kamar wanda ya dawo daga Makka, to wa'azin ya juye. Shi ya sa a tsakanin 'yan NEPU shiga gidan yari ya zama abin alfahari maimakon abin kunya. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da dama, ɗaurin ne ma ya ƙara ɗaukaka sunanta.

Ba abin mamaki ba ne da masu ƙananan sana'o'i da 'yan kasuwa da malaman allo suka fi yawa a cikin jam'iyyar. Tela ko ɗan koli abincinsa ba ya hannun dagaci kamar yadda na manomi yake, kuma yana yawo. A nan ne yanayin ƙasar Tiga ya shigo. Bebeji tsohon garin fatake ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma a can aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877. Hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, ga kuma ma'adinan kuza a Riruwai da suka tara leburori daga wurare daban daban. Duk inda ake da kasuwa mai ci mako mako da tashar mota, labari ba ya buƙatar takardar izini. Haka nan taron suna da ɗaurin aure da zaman makoki, babu hakimin da zai iya hana su.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a ɓoye ba. Da dukan ya yi yawa, ita ma NEPU ta kafa rundunonin matasa domin kare kai, daga nan aka shiga ramuwar gayya, wadda Bahaushe ya ce ta fi ta gayya zafi. Bangar siyasar da Kano take fama da ita har yanzu tana da saiwa a ɓangarorin biyu. Haka kuma idan da ƙuri'a za a auna, nasarar ba ta zo da wuri ba. A zaɓen tarayya na 1959, wanda shi ne na farko da aka yi kai tsaye a duk faɗin Arewa, NPC ta sami kujeru 134 cikin 174, NEPU ta tashi da 8. Mata kuwa ba a ba su damar jefa ƙuri'a ba sam.

3.4 Girbin 1979 da Ɓarakar da Ta Biyo Baya

Abin da ya sauya lissafi shi ne an zare wa En'e haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannunta. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da ikon karkara hannun zaɓaɓɓun majalisu, kuma a zaɓen wannan shekara matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, tsofaffin 'yan NEPU suna nan a ƙauyukansu, sun san juna, sun san wanda ya tsaya da wanda ya gudu. Su ne suka zama ƙashin bayan jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi.

A zaɓen 1979 Malam Aminu Kano ya sami fiye da kashi 76 cikin ɗari na ƙuri'un shugaban ƙasa a Jihar Kano, Alhaji Shehu Shagari na NPN bai kai kashi 20 ba. PRP ta kwashe kujerun dattawa biyar na jihar, ta mamaye majalisar dokoki, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna. Cikin matakansa na farko akwai soke haraji da jangali, wato ya cire babbar igiyar da ake ɗaure talaka da ita. A 1980 ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, wadda ta kai azuzuwan manya ƙauyuka.

Idan aka kwatanta da Jihar Kaduna za a ga amfanin ƙananan kujeru. A can ma PRP ce ta ci gwamna, wato Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, amma NPN ce take da rinjaye a majalisa. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga ƙarshe ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Jam'iyya ɗaya, aƙida ɗaya, amma a Kano an yi aikin mazaɓa shekara da shekaru, a yawancin ƙasar Katsina da Zazzau kuwa aikin bai kai haka ba.

Nasarar Kanon ma ba ta daɗe ba. Tun 1980 jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Santsi masu bin gwamnoni da 'yan Taɓo masu bin Malam. A 1981 gwamnati ta ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Rano da Ƙaraye waɗanda suke maƙwabtaka da ƙasar Tiga, sannan ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli 1981 tarzoma ta ɓarke a birni, aka ƙona gine-ginen gwamnati da gidan rediyon jiha, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Takardar tuhumar kuskure ce ta fuskar dabara, domin talakan Kano da ya ƙi zaluncin dagaci bai ƙi Sarki ba, kuma waɗanda suka tsara ta ba su bambance waɗannan abubuwa biyu ba. Amma da jam'iyyar tana dunƙule kamar yadda take a 1979, da wuya masu ɗauke da fetur su sami filin da suka samu. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Alhaji Sabo Bakin Zuwo, soja kuma suka rufe babin a ƙarshen Disamba.

3.5 Ruwa da Daji

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tafkin ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, ya kuma tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu. Ruwan da aka tare yana bin babbar magudana ne zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ma'ana, waɗanda ruwa ya ci gonakinsu daban, waɗanda suka fi cin moriyar noman rani daban. Can ƙasa kuma mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru suna kukan an rage musu ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita. Irin wannan ƙorafi shi ne takin da mai raba kan jama'a yake nema, domin abu ne mai sauƙi a nuna wa wanda ya rasa gona wani talaka ɗan'uwansa a ce ga wanda ya cuce shi. Abin da ya faru a Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara a watan Afrilu 1980, inda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suke neman diyya, ya nuna inda rikicin madatsa yake iya kaiwa.

Na biyu shi ne daji. A wajajen 2015 da 2016 dajin Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, har a 2017 rundunar soja ta mayar da shi filin atisaye. Haɗarin da yake tattare da irin wannan yanayi shi ne a ɗora laifin 'yan ta'adda a kan ƙabila sukutum. A Zamfara an ga yadda ƙungiyoyin 'yan sa-kai, waɗanda su ma da sunan haɗin kan al'umma aka kafa su, suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, abin da ya ƙara rura wutar da ba a kashe ba har yau. Ashe ke nan haɗin kai shi kaɗai ba magani ba ne. 'Yan Mahaukata ma a haɗe suke. Tambayar ita ce, wa aka sa a ciki, wa aka bari a waje? Ƙasar Tiga tana da Hausawa da Fulanin gida da na daji, tana da Maguzawa da Hausawa Kiristoci, tana da masunta da suka zo saboda tafki. Kwamitin tsaro ko na sasanta manoma da makiyaya da babu arɗo a cikinsa, ko ƙungiyar ci gaban gari da ba ta gayyatar unguwar marasa rinjaye, ta riga ta yi rabin aikin mai tsattsauran ra'ayi. Keɓe dajin Ɗansoshiya na ƙaramar hukumar Kiru domin zaunar da makiyaya, wanda gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta yi, ya tafi a kan fahimtar cewa makiyayi ɗan gari ne, ko da yake amfanin irin wannan shiri ya danganta ga yadda manoman da suke kewaye suka karɓe shi.

3.6 Jamhuriya ta Huɗu

Daga 1999 zuwa yau babu wata jam'iyya a Kano da za a nuna a ce ita ce ta 'yan mazan jiya zalla ko ta talakawa zalla, ganin yadda 'yan siyasa suke sauya sheƙa, kuma kowannensu yana da'awar gadon Malam Aminu Kano. Aƙidar ta dushe, amma hanyoyin nan uku da aka ambata a farkon babi ba su mutu ba, sun dai daina zama mallakar jam'iyya ɗaya. A zaɓen 2003 jama'a sun tsaya a kan ƙuri'unsu har Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, kuma daga irin wannan tsayuwa ne kalmomin a kasa, a tsare, a raka suka sami gindin zama a bakin masu zaɓe. Wannan ma gayya ce, an dai ɗauke ta daga gona an kai ta rumfar zaɓe. A ɗaya gefen kuma, ranar 26 ga Fabrairu 2023, ana cikin tattara sakamakon zaɓen ɗan majalisar tarayya na Tudun Wada da Doguwa, rikici ya tashi a garin Tudun Wada, aka ƙona ofishin jam'iyyar NNPP, aka rasa rayuka, sai a watan Afrilu aka kammala zaɓen mazaɓar. Waɗanda suka mutu da waɗanda aka ba makami duk 'ya'yan talakawan yankin ne.

Babbar matsalar ita ce zaɓen ƙananan hukumomi, wanda ya kamata a ce a nan haɗin kan unguwa yake da tasiri, shi ne ya fi kowanne rauni. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A zaɓukan 2018 da 2021 jam'iyyar APC mai mulki a lokacin ta cinye kujerun shugabanni gaba ɗaya, a na 26 ga Oktoba 2024 kuma NNPP, wadda ta karɓi mulkin jihar a 2023, ita ma ta cinye su gaba ɗaya. Ba zai yiwu a ce ra'ayin mutanen Doguwa da Kiru da Bebeji ya juye baki ɗaya haka ba tare da ko mazaɓa guda ta saɓa ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ba. Hukuncin bai taɓa hukumar zaɓe ta jiha ba, wadda har yanzu gwamna ne yake naɗa shugabanninta.